Dubu Ɗari Shida

Kafin wata ta sake turo mini saƙo tana cewa in yi haƙuri, maza duk haka suke, bari in faɗa muku tun yanzu: ba haƙuri na zo nema ba. Lissafi nake so ku taya ni. Shekara biyu na yi a Paraku ina karatun lissafin kuɗi, Baba ya biya har dalar ƙarshe, na dawo Malanbil da takardata ina ɗaga kai. Amma lissafin da ya fi kowanne sauƙi a gaban idona aka yi shi, ina riƙe da tiren ruwa, ban gane ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Samiha. Shekarata ashirin da shida, kuma Gwaggo Bara'atu, ƙanwar Baba, ba ta bari in manta da wannan adadin ko na yini guda. Mahaifina Alhaji Isma'ila yana da mangaza, wato babban shagon ajiyar kaya, a bayan babbar kasuwa, yana sayar da sari: sabulu, garin wanki, madara, man girki, tumatirin gwangwani. Kafin a rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya a tsallaken iyaka, kamyo guda, babbar mota shaƙe da kaya, kwana uku yake yi a hannunmu. Tun da aka rufe, kaya sai a kwale-kwale, kwali biyar yau, kwali goma jibi, kuɗin tsallakawa ya cinye ribar. Ni nake riƙe wa Baba littafi, don haka na san abin da nake faɗa.

A mangazar na haɗu da Latifu. Shi ne wakilin babban kamfanin da muke ɗaukar sabulu da garin wanki a wurinsa, wanda ke da ofis a Kwatano da reshe a Paraku. Dogo ne, farar riga kullum a goge da tambarin kamfani a ƙirji, agogo mai baƙar fata, turare irin wanda yake tsayawa a ɗaki bayan mai shi ya tafi. Ranar farko ya leƙa littafina ya ce bai taɓa ganin rubutun lamba mai kyau irin nawa ba a duk arewa. Ku yi dariya, na yafe muku. Wasu da mota ake kama su, ni da yabon lambar bakwai aka kama ni.

Na so shi. Ba zan zo nan in yi muku ƙaryar cewa dama ina zarginsa ba. Na so shi har ina sanya wayata cikin rigar filo don in ji motsinta.

Shi da kansa ya koya mini yadda kamfaninsu ke tafiya. Duk wata uku suke rufe littafi, ƙarshen Maris, Yuni, Satumba da Disamba.

"Sheri, patoro, ubangidanmu a Kwatano, bai damu da kwali nawa na fitar ba," in ji shi wata rana muna zaune a ƙofar gida. "Kuɗin da suka shiga asusu kafin talatin ga wata, su kaɗai yake kallo. Ko ka sayar da duniya, in ba a biya ba, sifiri kake."

Ya nuna mini wani zane a wayarsa, sanduna huɗu a jere, kowace ta fi ta gabanta gajarta. Kuɗin da arewa ke shigar wa kamfani ke nan tun da aka rufe gada. Ya ce in sanda ta biyar ta sake faɗuwa za a rufe ma'ajiyar Malanbil, shi kuma a sallame shi. Na tausaya masa har na kasa cin tuwo a ranar.

Da maganarmu ta yi ƙarfi, ya turo kawunsa aka gaisa, sai Baba ya kira ni ya karɓe shafin kamfanin daga hannuna.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ba ya kyau ki zanka lissahin bashi da wanda ka biɗar aurenki. Wanga shahi ki bar min shi."

Baba ba ya karanta Faransanci. Takardun kamfani in sun zo, ninke su yake ya jefa cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, lissafin kuma ya riƙe a ka. Na san da haka, amma kunya ta hana ni musu, har ma wani daɗi na ji, wai an fara ɗaukata amarya. Daga ranar duk abin da Latifu ya sauke, Baba ba ya tayawa, ba ya cewa ya yi yawa. Mutumin da zai yi rabin awa yana ja da Bazabarme a kan dala biyar, in Latifu ya shigo sai ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Yanzu ku natsu, ga wurin da nake so ku gane. A garinmu da dala muke ƙirga kuɗi, dala guda faran biyar. In mai kifi ta ce miki ashirin, faran ɗari take nufi. In an ce jika, faran dubu ke nan, wannan babu ruɗani. Amma in mutumin kasuwa ya ce dubu, dala dubu yake nufi, takardar jika biyar. Mu da muka yi boko mu ke faɗin dubu muna nufin abin da ke rubuce a takarda.

Ranar ashirin da huɗu ga Satumba bayan la'asar Latifu ya zo gida. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa gaban Baba, ga ledar tuffa da kwalbar zuma a gefe. Ni kuma na ci kwalliya da atamfata mai ruwan goro, na ɗauko ruwan sanyi a tire, na tsaya bayan labule ina jiran su gama gaisuwa.

"Baba, ina cikin matsi," na ji ya ce. "In da hali, abin da ke kanku a biya kafin talatin ga wata. Dubu ɗari shida ne."

Ni da kunnen makarantata, faran dubu ɗari shida na ji. Na ce a raina, wannan ai cinikin sati biyu ne, ko da kasuwa ta mutu. Baba ya yi ta jan carbi har ƙanƙarar cikin kofi ta fara narkewa. Sannan ya ce, "Allah shi hore." Na shiga na ajiye ruwa ina murmushi, har ina jin haushin Baba a ɓoye, wai don ɗan wannan kuɗin yake jan rai.

Farkon Oktoba Latifu ya turo mini hoto daga Kwatano. Ga shi cikin kwat, wani mai tumbi yana miƙa masa takardar yabo, wai wakilin da ya fi kowa tara kuɗi a arewa. Ya biyo da zanen nan, sanduna huɗu suna gangarowa, ta biyar ta miƙe tsaye. A ƙasa ya rubuta, "Albarkacinki ne, sheri." Na kai wa Inna, Inna ta kai wa maƙwabta, Gwaggo Bara'atu ta rangaɗa guɗa a tsakar gida kamar an ɗaura.

Bayan sati biyu kamyo ya tsaya a ƙofar mangaza da sabulun da ba mu ce a kawo ba. Aka cika mangaza har rufi, aka cika zaure, sauran aka jera a ɗakina, tsakanin gado da madubi. Na tambayi Baba, ya ce kaya ne dai. Gidanmu ya koma warin sabulu, mayafina, filona, har tuwon Inna sai ka ji kamar an ɗauraye shi da kumfa.

Shi kuma mai takardar yabo ya yi tsit. Oktoba gaba ɗaya saƙonsa tara ne, na ƙirga. "Ina taro." "Zan kira." Sai hoton babban yatsa. Na riƙa ba shi uzuri, aiki ne, hanya ce, rashin layi ne.

Shinkafa ce ta tona asiri. Muna da gona a fadamar bakin kogi, ta kakana ce, tun ina yarinya ba mu taɓa sayen shinkafa a gidanmu ba. Duk Disamba amalanke ke kawo buhuna, Inna ta ware na Gwaggo, na limami, na maƙwabta. Bana Disamba ta raba, ban ga buhu ko ɗaya ba. Ranar wata Laraba Inna ta miƙo mini kuɗi tana kallon wani wuri.

"In kin taso daga mangaza ki auno muna tiya biyu."

"Tiya biyu ta mi, Inna?"

"Ta shinkahwa mana."

"Tamu fa?"

Ta juya ta ci gaba da tankaɗe. Na tsaya a kanta har ta gaji ta ce in je in tambayi ubana, ita ba ta da baki a maganar maza.

Ban tambaye shi ba. Na jira ya tafi azahar, na shiga ɗakinsa na jawo akwatin ƙarfen, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Takardun na nan a ninke kamar laya. Ta farko, bashin da ke kanmu a ƙarshen Satumba: faran 600 000. Ta biyu, rasiɗin abin da Baba ya biya ranar ashirin da takwas: faran 3 000 000. A ƙasa, da rubutun Latifu mai kwanciya gefe wanda na sani kamar tafin hannuna, an rubuta cewa miliyan biyu da dubu ɗari huɗu kuɗin gaba ne na kayan da za a kawo. Ta uku ba ta kamfani ba ce. Takardar sayar da gona ce, da dangwalen yatsan Baba.

Na zauna a ƙasa. Dubu ɗari shida sau biyar. Ɗan aji uku zai yi wannan lissafin.

A haka Baba ya same ni, takardu a cinya.

"Uwata, mi kike biɗa cikin akwatin ga?"

"Baba, nawa Latifu ya ce maka?"

"Dubu ɗari shida. Ke ma kina nan."

"Faran yake nuhi, Baba. Jika ɗari shida. Ga shi a rubuce."

Ya karɓi takardar ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana kallonta. Ban taɓa ganin tsufa ya sauko wa mutum a tsaye ba sai ranar. Ya nemi bakin gado ya zauna.

"Na ga kayan da munka ɗauka shekara guda suna da yawa," ya ce a hankali. "Na ce hala sun kai hakanan."

"Mi ya hana ka tambaye shi? Mi ya hana ka kira ni?"

"Surukina na. In tsaya ina tambaya tai takarda kama ɗan duwan mai binciken kaya bakin gada? Shi ce uban matatai bai yarda da shi ba?"

"Da ka kai mishi kuɗin, bai ce sun yi yawa ba?"

"Ya ƙirga su gabana, sau biyu. Yac ce Allah shi saka."

Ya ninke takardar yadda take, ya mayar cikin akwati, ya ce kada in kuskura in tayar da maganar, abin da ya wuce ya wuce. Na fito ina kuka, ba kukan gona kaɗai ba. Haushin kaina nake ji. Ina bayan labule, kalma ɗaya ce a bakina, in ce "Baba, jika yake nufi," da yanzu buhunanmu na jingine a zaure inda sabulu yake.

Ban bi umarnin Baba ba. Da yamma na kira Latifu, ya ɗauka tun ƙarar farko, don Disamba ta raba, kun gane. Na karanta masa lambobin.

"Innalillahi," ya ce. "Sheri, walahi ban sani ba. Ni a Kwatano na tashi, wannan lissafin naku na dala ban taɓa iya shi ba. Da na ga kuɗin na ɗauka Baba so yake ya yi babbar oda ya taimake ni. Har hawaye na yi a mota."

"To a maido mishi."

"Kamfani ba ya maida kuɗi, sai kaya. Kuma an kawo kayan."

"An kawo. A kansu nake kwana."

Ya yi ta rantsuwa, ya ce in an yi aure zai san yadda zai yi, gonar ma za a iya fanso ta. Muryarsa har rawa take. Na kashe wayar ban san me na yarda da shi ba.

Inna da Gwaggo suka sa ni a tsakiya washegari, ina tsince shinkafar kasuwa mai tsakuwa.

"Kuskure na, ɗiyar ga," in ji Gwaggo tana gyara ɗaurin kallabi. "Yaro ɗan boko, ina ya san dala? Ke da kika san ta, mi kika yi?"

Wannan ta same ni.

"In kin shiga gidanai, kuɗin ai gida sunka komo," in ji Inna. "Kawunnanai na tahowa lahadi a yanka sadaki. Kada ki ba mu kunya, Samiha. Gona ta tahi, ki bar miji shi ma shi tahi?"

"Ashirin da shida," Gwaggo ta ce, ba ta ma kalle ni ba.

Na koma ɗaki na zauna a kan kwalin sabulu na yi abin da na iya. Na buɗe saƙonninmu tun daga farko, na ɗauko takarda da biro, na ƙirga wata-wata. Janairu goma sha ɗaya. Fabrairu takwas. Maris ɗari da talatin, yawancinsu daga sha biyar ga wata. Afrilu shiru. Yuni ambaliya, a watan ya kawo mini leshi mai ruwan toka da sarƙa. Satumba har waƙa ya turo mini. Na zana sandunan kamar yadda ya nuna mini nasu, guntu, guntu, dogo, guntu, guntu, dogo. Soyayyata ashe ita ma duk wata uku ake rufe littafinta.

Amma zane ba hujja ba ne. Mutum yana iya zuwa garinku don aiki ya tuna da ke don yana kusa, na faɗa wa kaina haka, don har lokacin ina nema masa mafita. Abu ɗaya nake so in sani: da ya durƙusa gaban Baba ya ce dubu, bai ce jika ba, ya san abin da tsoho zai ji ko bai sani ba? In bai sani ba, zan aure shi in haɗiye sauran. In ya sani, ko Gwaggo za ta ƙirga mini shekaru har arba'in, na gama.

Jiya Juma'a da hantsi saƙonsa ya shigo.

"Sarauniyata, kin tashi lafiya? Na yi mafarkinki."

Ban amsa ba.

"Kin karya? Me kika sa yau? Turo hoto."

Sai wani: "Ki ɗan taɓa mini Baba, ko akwai abin da zai iya sakawa kafin talatin da ɗaya. Ko kaɗan ne."

Na kalli wannan na daɗe. Sai na huɗu ya shigo, saƙon murya, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Af, sheri, su kawu suna tambaya. Ki ɗan leƙo mini asiri, nawa Baba zai yanka ranar lahadi, sadaki da kuɗin gaisuwa duka? Don mu zo da shiri."

Baba bai faɗi ko dala ba, ba a ma yi zancen ba. Na riƙe wayar, ina jin Inna a tsakar gida tana kwankwasa tukunya, Gwaggo tana shimfiɗa atamfofin da za a nuna wa baƙi. Na rubuta kalma uku, na goge, na sake rubutawa. Na yi addu'a, wallahi na yi, na ce Allah ka sa ya ce to kawai, ko ya ce ya yi yawa, ko ya yi dariya. Na tura.

"Dubu ɗari shida."

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ko minti ɗaya ba a yi ba saƙon murya ya shigo, daƙiƙa bakwai. Babu sheri, babu dariya.

"Tsaya, tsaya. Da dala ko da faran? Don in dala ce, miliyan uku ke nan fa."

Na saurara sau uku. Ko numfashi bai ja ba kafin ya ninka biyar ɗin, ɗan Kwatano da bai taɓa iya lissafinmu ba. Tambayar nan guda, mai kalma biyar, tana bakinsa tun Satumba. Da kuɗin suka zama na aljihunsa, ga ta nan ta fito da gudu.

Ban yi kuka ba, abin ya ba ni mamaki. Na tashi daga kan kwalin, na yafa mayafina mai warin sabulu, na ratsa tsakar gida. Gwaggo ta ɗago wata atamfa shuɗiya tana tambayata ko ta yi, na wuce ta.

Baba yana zaure a kan buzunsa, a ɗan wurin da kwalaye suka bar masa, ya sa farar shadda zai tafi masallaci. Na durƙusa daidai inda Latifu ya durƙusa, na ƙure ƙarar wayar, na ajiye ta a gabansa.

"Mi ne ne, Uwata?"

"Surukinka na da tambaya, Baba," na ce, na danna.